Azumin Ƙullin Zoɓo

Azumin bana ya zo mana da zafin da ko fanka ta gaji da shi. Tun hantsi kwanon rufi ke fara ƙara, zuwa azahar kuwa ko kajin maƙwabta ba sa fitowa daga ƙarƙashin tebur. Jiya da la'asar na sayi zoɓo a bakin titi, wanda mu nan Abidjan muke kira bisap, aka miƙo mini shi cikin gorar roba mai murfi, da sanyinsa da komai. Na riƙe gorar ina jujjuya ta, babu inda hannun mutum ya ƙulla. Nan take wani azumi ya dawo mini, na shekarar da rikicin zaɓe ya lafa, wanda na ƙulla zoɓo a leda har yatsuna suka yi kanta.

Shi wancan azumin babu zafi a cikinsa. A watan Agusta ya faɗo, lokacin da gajimare ke rufe garin nan tun safe, ga yayyafi mai naci, ba ya zama ruwa ba ya kuma ɗaukewa. Wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba, tabarmi duk sun ɗauki warin danshi. Ƙishirwa ba ta dame mu ba, yunwa ce ta gasa mu, don sanyi yana buɗe ciki. Gas ya yi wuyar samu, gawayin da ake sayarwa kuma jiƙaƙƙe ne, sai ka yi ta fifita idanunka na zubar da hawaye kafin ya kama. A kasuwar Gouro taɓo har idon sawu, motocin kaya daga arewa ba su gama dawowa hanya ba, albasa ta zama abin da ake raba wa biyu a ajiye rabi don gobe.

A kur ɗinmu na Williamsville, wato gidan haya mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, sai muka haɗa tukunya. Da safe a jiƙa wake, hantsi a surfa, a wanke, a kai markaɗe. Bayan azahar a dama kunu, la'asar a ɗora mai. Mai filanten ta kawo a soya alloko, mai kifi ɗaya ta kawo a ɓarɓasa shi cikin aceke, wato dambun rogo, ya ishi kowa ko da ƙamshi ne. Maƙwabciyarmu Kirista ma tana kawo barkono ta zauna ta sha ruwa da mu, alhali ta ci abincinta na rana sarai. An yi wahala, amma an yi dariya, domin duk wanda ya ga watannin baya ya san samun fita sayen gawayi ma alheri ne.

Ni kaɗai ce dariyata ba ta kai ciki ba, saboda 'yata Zainabu. Shekarunta sha bakwai lokacin, ita kaɗai Allah ya ba ni, kuma ni na raine ta tun rasuwar mahaifinta. A kur ɗin nan Rediyo ake kiranta. Yarinyar da ke ba ka labarin tasin woro-woron da ta shiga tun daga launin rigar direba har zuwa faɗan da aka yi kan canji, da Faransanci da Hausa da Dioula duk a haɗe. A cikin kwanakin da muka yi kulle a gida ana harbe-harbe, wata safiya famfo ya ɗauke, ta ɗauki baho ta fita neman ruwa. Ta dawo babu baho, babu rauni ko ɗaya a jikinta, kuma babu magana. Ba wai ta bebance ba ne. Tana gaisuwa, tana cewa to, tana cewa a'a. Amma Rediyo ta mutu, kuma ƙafarta ba ta sake taka ƙofar kur ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na karɓo rubutu, na zauna gabanta na riƙe haɓarta na ce ta dube ni ta faɗa mini abin da ta gani. Sai ta dube ni ɗin, hawaye ya zubo, shi ke nan. Tsoro nake ji ƙwarai kada ta tabbata a haka.

Ba ita kaɗai ba ce, unguwa cike take da irinta. Wani ya daina barci, wani ko murfin tukunya ya faɗi sai ya shige ƙarƙashin gado. Ana gab da azumi wata ƙungiyar agaji ta turo mana wata mata, Madam Akissi, wadda ta karanci aikin sauraron masu damuwa. Ta ce mu samar da wuri, ita za ta riƙa zuwa sau uku a mako. Ni ce sakatariyar ƙungiyar matanmu, saboda na yi lakol, wato boko, kuma na iya buga takarda, don haka da ni aka zauna shirya abin. Mu goma sha biyu ne, ƙaraminmu yana da furfura. Muka tsara wa yara komai tsaf, ba mu ga dalilin tambayarsu ba, tunda mu muka haife su.

Alhaji Sani, Bakano mai shigo da kaya, ya ba da ɗaki kyauta a bayan shagonsa kusa da Roxy, a nan yankinmu na Adjamé. Ya sa aka yi fenti, aka shimfiɗa kafet, aka sa tebur da kujeru biyu suna fuskantar juna. Ni na rubuta allon da aka kafa, da Faransanci da Hausa, manyan baƙaƙe, don kada mai damuwa ya ɓata hanya. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne, ƙofar ɗakin tana kallon majalisar da dattawa ke zaman jiran shan ruwa, kowa da carbinsa, kowa ya san kakan kowa.

Ranar uku ga azumi muka yi baƙo na farko. Haruna ne, saurayi mai gyaran waya a Roxy, ya zo yana raɓe-raɓe. Alhaji Sani, don tsabar kirki, ya miƙe ya tare shi, ya tambaye shi ɗan wa ne, ya ce ashe jikan wane ne, ya tambayi abin da ke damunsa. Sannan ya juya ga majalisa ya ce a sa yaron nan a addu'a. Dattawa suka ɗaga hannu, aka yi Fatiha, aka shafa, amin ɗin har masu jiran mota sun ji. Washegari kuwa mata suka yi ta sintiri gidansu dubiya, ana tambayar uwarsa ya mai jiki. Ba zan ɓoye ba, har da ni a cikinsu, da lemo shida a leda. Haruna ya haura katanga ta baya ya bar mana gidan.

Daga shi babu wanda ya sake zuwa. Madam Akissi ta yi mako guda tana zaune ita da kafet. Ranar goma ga wata ta kira mu, ta tambaye mu cikin ladabi ko mun taɓa jin ta bakin waɗanda aka yi ɗakin dominsu. Muka ce wannan ai mai sauƙi ne. Aka tara matasa wajen ashirin, suka zauna a tabarma, mu muna kan kujeru, Alhaji ya ce kowa ya faɗi abin da yake so kada ya ji kunya. Suka sunkuyar da kai suka ce babu komai, an gode, Allah ya saka da alheri. Alhaji ya dubi Madam ya ce to ga shi ta ji da kunnenta, yaran lafiyarsu ƙalau. Ita kuwa ta roƙi mu ba ta rabin awa da su. Muna fita, ko takalmi ban gama sawa ba, ɗakin ya kaure da surutu kamar an buɗe kasuwa. Raina ya ɓaci, na tsaya cikin yayyafi ina ta tsaki.

Wadda suka wakilta ta kawo mini sakamako ita ce Bintu, ƙanwar Harunan nan, ƙawar Zainabu tun suna 'yan firamare. Yarinya ce siririya mai baki, Hausarta duk ta karye, amma ba ta tsoron kowa. Ta same ni ina wanke wake, ta tsuguna ta sa hannu a bahon ba tare da na ce ta sa ba, ta fara zayyano mini. Ba sa son ɗakin Alhaji, ba sa son allo, ba sa son Adjamé ma gaba ɗaya. Treichville suke so, ƙetaren gada, a tsakar gidan wata gwaggon Madam mai sayar da aceke, tsohuwar da ba ta jin Hausa kuma ba ta san uban kowa ba. Ba kuma za a ce ana zuwa ganin likita ba. Za a ce ana zuwa ƙulla zoɓo da lemun citta na sadakar buɗa-baki, tunda babu mai yi wa mai aikin lada dubiya. Tebur da kujeru biyu kuwa, ta ce, wannan ai ofishin 'yan sanda ne. Mutum ya fi iya magana in hannunsa na aiki kuma ba a kafe shi da ido ba. Wanda ba ya son magana ya yi ta ƙullinsa, babu mai ce masa Allah ya ba shi lafiya.

Na ce to duk na ji, kuma da hankali a ciki, ni zan riƙa raka su ina kula da kaya. Sai ta tsame hannunta daga ruwan waken.

"Tanti, pardon, ke ce ma ba ma so ki zo."

"Ni? Ni da na kafa abin?"

"Ke kina da kirki, Tanti. Amma in kika ji magana, fuskarki tana yin kuka kafin mai maganar ya gama. Sai mutum ya bar nasa ciwon ya koma lallashinki."

Da wata ce ta faɗa mini haka da ta ji ba daɗi. Na tuna yadda nake riƙe haɓar Zainabu, na ji kunya ta kama ni har wuya. Duk da haka sai da na ce mata ba ta da ta ido, ta ce ta sani, uwarta ma tana faɗa.

Alhaji Sani ya yi kwana biyu yana fushi saboda fentinsa, daga baya ya aiko da buhun sukari ya ce a kai wa marasa kunyar nan. Aiki ya kankama. Bayan azahar su haɗu a Roxy da bokitai, su shiga mota, su dawo kafin cunkoson yamma da ledoji jajaye da rawaye, a raba a masallatai. Haruna ne shugaban masu daka citta. Na ji labarin Madam Akissi ma ƙulli take yi tare da su, kuma ba ta iya ba, duk ledar da ta ƙulla sai ta yi yoyo, suna yi mata dariya tana tambayarsu abin da ya kamata a gyara. Su suka sa ranakun, su suka ce maza da mata a haɗe ranar Asabar, sauran ranaku a rabe. Wanda abin nasa ya yi nauyi, shi da kansa zai ce wa Madam ta raka shi sayen leda, su yi tafiyarsu su biyu.

Zainabu ba ta je ba da farko, Bintu kuma ba ta roƙe ta ba. Sai dai ta riƙa kawo bokiti ɗaya kur ɗinmu da safe, ta ce hannu ya yi musu kaɗan, ta zauna gefenta suna ƙulli, ita tana zuba surutu, Zainabu tana shiru. Ranar sha shida ga wata Bintu ta zo da bokiti biyu ta tsaya a tsakar gida tana ƙorafin ba ta da hannu uku. Ina fifita gawayi, na ga 'yata ta ɗauki gyale, ta ɗauki bokiti ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa har na ƙirga numfashina, sannan ta taka waje. Ban ɗago kai ba, hayaƙi ya rufa mini asiri.

Da na tsaya a nan da na huta. Amma kwana huɗu tana zuwa tana dawowa, ƙamshin citta a jikinta, ba ta ce mini komai ba, sai zuciyata ta fara raya mini cewa wata tsohuwa mai aceke tana jin muryar 'yata ni ban ji ba. Kishi ne, ba wani abu ba. Ranar ashirin da ɗaya na bar kunu a hannun maƙwabciya, na lulluɓe da babban mayafi, na bi bayansu. Muna kan gada iskar lagun, tafkin da ya ratsa garin, tana kaɗo yayyafi ta tagar mota, cikina na kukan yunwa, ina ta gaya wa kaina dubawa kawai zan yi. Na sami gidan, na laɓe bayan katanga kusa da mai sayar da gawayi, na kasa kunne. Na ji tabarya, na ji dariya, na ji wani yana magana ƙasa-ƙasa sauran sun yi tsit. Ina ƙoƙarin leƙawa ta ramin bulo sai tsohuwar ta fito zubar da ruwan rogo, ta gan ni, ta ɗaga murya tana tambaya da Faransanci uwar wa ce wannan mai leƙe. Kafin in gyara mayafi duk sun fito. Zainabu na tsaye a bayansu da leda a hannu, ta dube ni sau ɗaya ta koma ciki.

Washegari ba ta je ba. Rana ta biyu ma haka. Ta koma kwanciya tana kallon bango, ko da Bintu ta zo ƙin fitowa ta yi. Abin da yara suka gina a kwana goma na rushe shi da la'asar ɗaya, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi. Ban taɓa ba ɗan da na haifa haƙuri ba, mu ba a yi mana haka ba. Amma rana ta uku, ina tsugune a ƙofar ɗaki na ba ta baya ina tsince shinkafa, na ce mata na yi kuskure, ba zan ƙara ba, kuma ko ba ta taɓa gaya mini komai ba har abada ni uwarta ce. Na kuma aika Bintu ta ba sauran haƙuri. Suka zauna a kaina, suka yanke mini hukuncin wanke bokitai har Sallah, a gida, ba a Treichville ba. Matan kur suka yi ta yi mini tsiya, wai sakatariya ta samu ƙarin girma. Ranar da na wanke na farko na kife su, da azahar na ga babu guda daga cikinsu, babu kuma gyalen Zainabu a ƙusa.

Ranar jajibere ba su ƙetara gada ba, kowa ya ɗauki kasonsa ya ƙulla a gida saboda baƙin Sallah. Bayan azahar mata duk sun tafi kitso da karɓar ɗinki, kur ya yi shiru, sai yayyafi a kan kwano. Zainabu ta fito da bokitin zoɓo da ƙunshin leda ta ajiye a baranda, ta jawo kujera 'yar tsugune ta ajiye kusa da tata, gefe da gefe.

"Mama, zo ki taya ni. Ki yi ƙulli kawai. Kar ki dube ni."

Na zauna. Ta ɗiba da moɗa ta zuba, na karɓa na murɗa na ƙulla. Muka yi kamar goma a haka, sannan ta fara, da Faransanci, muryarta a dishe, tun daga inda ta fita da baho. Abin da ta faɗa ba zan rubuta shi ba, dokarsu ce abin da aka faɗa a bakin bokiti a nan yake zama, kuma na riga na sha hukunci sau ɗaya. Na dai ji abin da uwa ba ta son ji. Fuskata ta yi duk abin da Bintu ta ce tana yi, amma na sunkuyar da ita, na kafa ido a yatsuna. Can zoɓo ya ƙare, moɗa ta fara karo da gindin bokiti, ita kuwa ba ta kai ƙarshe ba. Na san in hannuna ya tsaya zan ɗago, in na ɗago za ta yi shiru. Sai na jawo leda babu komai a ciki na murɗa na ƙulla, na jawo wata. Haka na yi ta yi har ta gama, ta ja dogon numfashi, ta jingina kanta a kafaɗata. Ledar ƙarshe tana hannuna lokacin da aka kira la'asar.

Ba mu ankara ba mata suka fara dawowa. Maƙwabciyarmu Kirista ce ta fara shigowa da sabon kitso, ta tsaya kan tulin ledojin da ke gabana, ƙullallu tsaf babu ko ɗigo a ciki, ta tambaya wannan kuma wane irin bisap ne. Ina neman abin da zan ce, sai na ji murya daga kafaɗata, da ƙarfi, har ƙarshen kur.

"Na masu azumi ne, Tanti. Mama ce ta ƙirƙiro, ko an sha ba ya karya azumi."

Matar ta saki baki. Wata ta leƙo daga ɗaki da ɗankwali a hannu tana tambayar wa ya yi magana. Zainabu kuwa ta riga ta wuce kan kitson, tana tambayar wace ce ta yi mata shi, da ido a rufe aka yi ko da gangan ne. Na tashi na ɗauki bokitin na nufi famfo, tunda wankinsa yana kaina har gobe, na buɗe ruwa kaɗan-kaɗan don kada ƙararsa ta hana ni ji.